Barmo da Siririn Littafi

In ana neman mutumin da ya zaɓar wa kansa wahala da hannunsa, a je Gangara a tambayi Barmo ɗan Mato.

Da ya sauke Alƙur'ani, ubansa ya ɗora shi a jaki zuwa Damagaram ya karanto fiƙihu, don limamin garinsu ya tsufa har yana mance raka'a. Can Malam Idrisa ya baje masa littafi uku a kan buzu: fiƙihu, nahawu da hisabi. Barmo ya ɗaga kowanne yana jinjinawa kamar mai sayen kabewa. Na hisabi ne siriri, sai ya rungume shi.

"Kai Barmo, wannan?"

"Shi, Malam. Sauri nake, an yi mini baiko."

Shekara shida siririn nan ya ci masa! Ninkawa, rabawa, sulusi, sudusi, ƙidayar kwanakin shekara, duk a kan yashi, har yatsansa ya yi kanta. Bai dawo ba sai shekarar da Nasara suka kwashe gwamnansu daga Damagaram zuwa Yamai. Ya tarar an ba wani limanci, Raishatu kuma da aka yi masa baiko da ita ta jira har ta koyi faɗa. Aka ɗaura aure a haka.

Gidan ba wadata. Abin da ke rumbu na iri tiya tara ce ta gero, in ta tafi babu wata.

Ruwan farko ya sauka, gari ya fita da sungumi. Barmo ya zauna ƙofar gida yana zane a ƙasa.

"Malam, tashi mana! Ƙasa na bushewa," in ji Raishatu.

"Saura kwana goma sha tara. Wannan ruwan wucewa yake."

"Shi ruwan ne ya faɗa maka?"

Ya bi gonaki yana roƙon mutane su dakata. Kawunsa Ila ko ɗagowa bai yi ba. "Ɗana, shekara hamsin ina shuka ban san sudusi ba. Matsa, ka taka mini rami."

Raishatu ta yi kwana uku ba ta ce masa ko sannu ba. Fura ma dire masa take, har ta fantsalo masa a riga.

To, hatsi ya tsiro, rana ta buɗe, ya ƙone ƙurmus. Barmo ya fara tafiya yana gyara rawani. Bai san abin da ke zuwa ba.

Ranar da ruwan gaske ya zuba, kwana guda kacal bayan lissafinsa, ya buɗe ƙofa ya ga gida goma sha bakwai tsugune da ƙore. Kawu Ila ne a gaba.

"Malam Barmo," in ji shi. Yau kuma ya zama Malam! "Ai kai kaɗai ke da iri. Uwarka ƙanwata ce, ka tuna."

Wa zai hana? Barmo ya duƙa ya share yashi zai fitar da rabon kowa daidai, a ga amfanin karatu ko sau ɗaya. Yana cikin jan layi na uku ya ji shiru. Ya ɗago, ba kowa. Raishatu ta raba da ido da 'yar ƙwarya, kowa ya kama hanyar gona.

"Namu fa?"

Ta miƙo masa rabin tiya. Ya koma ya ƙarasa lissafinsa don haushi. Rabin tiya ɗin dai ya fito.

"Shekara shida," ta ce, ta ɗauki sungumi ta wuce.

Gonarsu a wannan shekarar ko kwata ba ta shuku ba. Ta Kawu Ila, da ya ɓoye ragowar iri bai faɗa ba, ta fi ta kowa kyau.

Barmo na nan har yanzu yana ƙidayar kwanaki, sai dai ba ya faɗa wa kowa. Duk mai shirin tafiya Damagaram karatu in ya zo neman shawara, amsa ɗaya yake samu: "Ɗauki mai kaurin."