Kwalin Baba Noti

Shekara ashirin da biyu Baba Noti ya yi yana gyaran kwamfuta a shagon Maigida, a kan teburi ɗaya, ƙarƙashin wata fanka mai kuka. Ya sami sunan ne saboda yadda yake tara notuna a baki idan ya kwance inji. Bai yi boko mai nisa ba. Duk abin da za a sayo, sai ya yagi gefen kwali ya rubuta da fensir, wai takarda iska ke ɗauke ta.

Da ɗan Maigida, wanda kowa ke kira Injiniya, ya gama jami'a, sai ya ce a mayar da ɗakin baya gidan gem: kwamfuta shida da za su riƙa kwaikwayon tsofaffin na'urorin wasa. Maigida ya ce Baba ya rubuta kayan, idan abin ya yi kyau shi zai riƙe ɗakin. Aikin gyara ya ja baya, idon Baba ma ya fara gajiya. Ya san ɗakin nan kaɗai zai hana a sallame shi.

Kwana uku yana gwaji kafin ya kawo kwalinsa.

"Maigida, a zuba ƙarfi a ƙwaƙwalwar injin," in ji shi. "Ita ke shan wahalar kwaikwayon. Katin hoto madaidaici ya isa."

Injiniya ya ɗaga kwalin da yatsa biyu. "Baba, wannan cefane za ka aike mu? Gem ai hoto ne. Ko a zamaninku da kunne ake kallo?"

Maigida ya yi dariya har da buga cinya. Aka sayo manyan katunan hoto masu fitilu kala-kala, da ƙwaƙwalwa mai rauni. Baba ya haɗa su tsaf.

Ranar buɗewa ɗakin ya cika. Aka kunna tseren mota, motar ta riƙa tafiya kamar ana tura ta, sautin yana sarƙewa. Wani ya ce a ba direban ruwa ya sha. Kafin la'asar kowa ya watse.

"Haɗin ne, Abba," in ji Injiniya. "Dubi hannunsa, rawa yake yi."

Hannun Baba kuwa bai taɓa rawa ba. Maigida ya dubi ɗansa, ya dubi ƙasa.

"Baba Noti, tsufa ba laifi ba ne. Ka je ka huta."

Baba ya buɗe baki zai yi magana, ya tarar akwai noti uku a ciki. Ya tofa su a tafin hannu, ya jera a kan teburin, ya fita.

Bayan mako biyu ya dawo ɗaukar tabaransa da ya manta. Tun daga ƙofa ya ji motoci na gudu sumul, mutane na ihu. A kan teburinsa ga kwalin nan, an bi layukan kayan da aka sayo an yi musu alama da biro ja.

"Yauwa Baba, ka zo a daidai," in ji Injiniya, bai ko ɗago ba. "Layin ƙarshen nan, bakwai ne ko ɗaya? Rubutunka sai kai."

Baba ya sa tabarau, ya sunkuya.

"Bakwai ne."

"Madalla. In ka fita ka jawo ƙofar, sanyi na zurarewa."