Ƙarfen da Umma Ta Tokare Ƙofa da Shi

Ina ganin ƙofar ɗakin Yaya Sani a buɗe an tokare ta, gabana ya faɗi tun ban san dalili ba. Bayan la'asar ne, ana ta shela a unguwarmu nan Haɗejiya cewa jinga ta ɓalle, kowa ya kwashi abin da zai iya. Ruwa ya riga ya shigo tsakar gida har idon sawu, ja-ja da shi, yana tafe da kara da takalman mutane. Na sa hannu na lalubo abin da aka tokare ƙofar da shi. Tsohon faifan ajiyar kwamfuta ne. Muryar kakarmu Iya tana cikinsa.

A wani ƙauye kusa da Auyo Iya ta yi rayuwarta, sana'arta bandar kifi. Duk hutun makaranta can ake kai mu. Wutar banda ba a barinta ita kaɗai, in ta ci da yawa kifi ya ƙone, in ta mutu ya lalace. Shi ya sa bayan magariba take tara mu, mu taya ta gadi, ita kuma ta yi mana tatsuniya. Hayaƙi na cika mana ido, sauro na cizo, ba mai tashi. Ba ta buɗe tatsuniya irin na kowa. Cewa take, "Ga ta can ta taso daga kogi, wa zai tare ta?" Mu ce mu ne. In na fara gyangyaɗi ta zungure ni da mafici, ta ce ƙawarta raguwa ce, haƙora cike da baki amma tsohuwa ta fi ta ƙarko.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta wani masunci da goransa, irin babban nan da ake kifa ciki a kai a bi ruwa. Goran ya tsufa, ya yi nauyi, duk ɗinki da danƙo. Sai ya samu sabo, sumul, ba nauyi. A ranar ya fasa tsohon ya ba matarsa ta riƙa zuba wa kaji ruwa. Ta roƙe shi ya bari ya ƙetare da sabon tukuna, ya ce shi ba ya ajiye tarkace. Ashe ƙwaro ya huda sabon, huda kamar ta allura. Sai da ya kai tsakiyar kogi ya ji yana yin ƙasa a hankali. Ya yi ta ihu a kawo masa tsohon, matar na tsaye a gaɓa da sakaina a hannu. Nan Iya ke tsayawa. Na taɓa tambayarta ko an cece shi. Ta juya kifi ta ce, "Da me?"

Da ciwonta na ƙarshe ya yi tsanani aka dawo da ita gidanmu. Yaya Sani ya riƙa ɗaukar muryarta a waya yana zubawa a tsohuwar kwamfutarsa. Wayar ta ɓata daga baya, Iya ta rasu, ya zama a faifan nan kaɗai take.

Bana ya sayo kayan kwamfuta ɗai-ɗai daga Kano yana haɗawa da kansa. Ya nuna mini sabon samfurin faifai, Es-es-di, bai wuce tsawon yatsa ba. Ba ya juyawa, ba ya ƙara. Ya zura shi a karkace cikin ɗan raminsa, ya danne, ya ɗaure da ɗan ƙusa kamar ƙwayar gero. Na ce masa kada ya goge tsohon sai mun ji Iya a sabon da kunnenmu. Ya yi dariya ya ce ai wuta ɗaya muka sha hayaƙinta. Ranar da ruwan ya zo ya fara kwafe muryoyin, ana cikin yi aka ɗauke wuta. Ya zare tsohon ya ajiye a tebur, aka kira maza aikin jinga ya fita.

Mu a nan in ruwa ya taso, abu mai daraja ake fara ɗagawa sama. Umma ta ɗora sabuwar kwamfutar kan wadirof. Iska na ta buga ƙofa tana hana ta fitar da kaya, ta ga wani ƙarfe mai nauyi a tebur kamar na 'yan gwangwan, ta tokare da shi. Da na ɗago shi ruwa na zuba ta gefensa, na faɗa mata abin da ke ciki. Iya mahaifiyarta ce. Ta karɓa ta goge shi da bakin zaninta, ta yi ta gogewa.

A kwalekwale aka fitar da mu, sannan mota zuwa gidan Kawu a Kafin Hausa. Har yanzu in na ji ana zuba ruwa a bokiti sai na leƙa tsakar gida.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar kan wawa ce, in ba ka yi wauta ba ka tsira. Mu ba mu fasa komai ba, kogin ya biyo mu har ɗaki. Yanzu ba masuncin nake gani ba, matar nake gani, da yadda za ta koma gida da abin da ke hannunta.

Ranar da Yaya ya iso da kwamfutar a ɗaure bayan babur, ya ce mai gyara ya duba tsohon, ya mutu. Ya jona sabuwar a shagon caji, muna tsaye ni da Umma. Kaɗan ne cikin muryoyin suka ƙetare kafin a ɗauke wutar ran nan. Ya kunna ɗaya, Iya ta yi tari, ta ce a kori kazar nan. Umma ta zauna a ƙasa.

Ana kiran azahar Kawu ya leƙo ya ce ruwa ya fara ja, kuma ba ya taɓa zuwa Kafin Hausa, in kwantar da hankalina, na tsira.

Na ce wa Yaya ya kashe. Ba na son mu cinye muryar Iya a rana ɗaya.