Malam Ya'u Masinja da Kwalin Gidiyon

A layinsu na Panshekara ba a kiran sa Ya'u kawai. Malam Ya'u Masinja ake cewa, duk da ya daɗe da yin ritaya daga gidan waya, kuma yaran da ke gaishe shi da sunan ba su taɓa lasar kan sarki sun manna a ambulan ba.

Mutumin Ringim ne. Ya shigo Kano yana saurayi, lokacin da kamfanoni ke ɗibar ma'aikata ba dare ba rana, ya fara da leburanci a wata majema a Sharaɗa. Warin fata bai karɓe shi ba, ƙirjinsa ya riƙa ciwo. Da yake ya gama firamare, wani ɗan garinsu ya yi masa hanya ya samu aikin raba wasiƙu. Aka ba shi keke da jakar kaki, aka tura shi Bompai. Bayan wasu shekaru aka mayar da shi ɓangaren Sharaɗa da Challawa, aka sauya masa keken da babur, a nan ya ƙare aikinsa.

A wancan zamanin ma'aikacin kamfani ba shi da adireshin da ya wuce kamfanin. Ɗakin haya yake zaune a lungun da ba lamba, don haka na gida sai su rubuta sunansa da sunan masaƙar ko majemar da yake aiki. Malam Ya'u yakan daidaita zuwansa da jiniyar tashi. Ma'aikatan safe na fitowa, na yamma na shiga, shi kuma yana tsaye a gindin darbejiya kusa da ɗakin maigadi yana kiran sunaye. Akwai ƙunshin yaji da daddawa daga ƙauyukan Gumel, akwai wasiƙun Maraɗi da Damagaram na 'yan Nijar, akwai 'yan ƙananan buhunan acca da iyaye mata ke aiko wa 'ya'yansu daga Filato. Wanda bai iya karatu ba yakan ja shi gefe ya karanta masa, haihuwa ce ko rasuwa. Idan rasuwa ce, ba ya tayar da babur sai ya ga wani ya riƙe mutumin.

Abu ɗaya ne ba a taɓa ganin ya yi ba: ajiye saƙo a ƙasa. In mai shi ba ya nan, yakan bar sallahu wajen maigadi ya koma da kayan, gobe ya sake kawowa.

Daga baya wuta ta yi ƙaranci, kamfanoni suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Yakan je geti ya tarar da kwaɗo, ya koma da wasiƙun mutanen da bai san inda suka watse ba. Da wayar hannu ta shigo, jakar ta ƙarasa zama fayau. Ranar da ya miƙa babur ɗin gwamnati bai yi kuka ba, amma matarsa Zuwaira ta ce ya jima yana tashi da asuba yana laluben hularsa ta aiki.

Yanzu a dakalin ƙofar gidansa yake wuni, yana kallon sabon salon kai saƙo. Mutane su yi oda a waya, mai babur ya zo da babban akwati a bayansa, ya buga geti. In an fito ya miƙa, in ba a fito ba ya jingina kwalin da bango, ya ɗauki hoto, ya wuce. Malam Ya'u yakan girgiza kai kawai.

Wata Laraba cikin damina, hadari ya haɗo daga gabas, mai babur ya ajiye wani kwali a ƙofar gidan da ke kallon nasa. Masu hayar gidan sun yi tafiya. Kafin a jima akuyar maƙwabta ta zo ta fara yagar gefensa. Malam Ya'u ya dafa gwiwa ya miƙe, ya kore ta, ya ɗaga kwalin kusa da idonsa. Sunan da ke jiki Gidiyon Ayuba ne.

Ya san Gidiyon. Mutumin Pankshin ne, mai gyaran injin saƙa a wata masaƙa a Challawa, dogo mai yawan barkwanci, ɗaya daga cikin masu karɓar buhun acca. Maƙwabta sun ce a gidan da aka ajiye kwalin ya zauna da iyalinsa shekaru masu yawa, amma ya tashi tun bayan rufe masaƙar, lokacin Malam Ya'u bai ma dawo layin ba. Ya shiga gida da kwalin, ya kira lambar da ke jikinsa, aka ce a kashe take.

Zuwaira ba ta so ba. Ta ce ya mayar da kayan mutane inda ya gan su, zamanin nan sai a ce shi ya sata, ga hoton ƙofar wani an ɗauka ba tasu ba. Bai musa mata ba, ya dai nuna mata ruwan da ya riga ya sauko yana gudu a daidai inda kwalin yake ɗazu. Washegari ya naɗe shi a leda, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya tare adaidaita sahu zuwa Challawa.

Masaƙar na nan, amma ba ƙarar inji. An mayar da ita sito, tireloli na sauke dilolin atamfar da aka shigo da ita daga waje. An sare darbejiyar. Ya tsaya a wurin ya rasa ta inda zai fara, sai ga wani tsoho ya leƙo daga ɗakin gadi. Ɗan'auta ne, maigadin da tun wancan lokacin yake nan, haƙoransa sun zube amma muryar ba ta canja ba. Suka daɗe riƙe da hannun juna. Ɗan'auta ya ce rabonsa da Gidiyon ya manta, amma ya ji matarsa Tabita na sayar da abinci a ƙofar wani kamfanin roba a Sharaɗa.

A Sharaɗa sai da ya yi tambaya, shi da a da ake tambaya. An yi katangu inda ya san filaye, an toshe wata hanyar da ya saba yankewa. Can wajen azahar ya hango rumfar, da wata mata mai kauri tana zuba wa ma'aikata shinkafa da wake. Ta ɗago ta dube shi, ta sake duba, ludayin ya tsaya a hannunta.

"Baba Masinja, ku ne? Kuna nan da rai?"

"Muna nan, Maman Salama. Saƙon maigida na kawo."

Ta bar wa maƙwabciyarta rumfar, ta ja shi cikin lungu zuwa ɗakunansu. A hanya ta gaya masa ɓarin jikin Gidiyon ya shanye tun bara. 'Yarsu Salama, wadda Malam Ya'u ya sani ana goyonta, yanzu ma'aikaciyar jinya ce a Jos. Ita ta yi odar na'urar awon jini, ta ce za a kawo, suka yi ta jira. Ashe tsohon adireshinsu da tsohuwar lambar babanta ne suka rage a wayarta, ba ta lura ba.

Gidiyon na zaune a kujerar roba a bakin ƙofa, hannu ɗaya a kwance kan cinya. Ya rame, dogon ya lanƙwashe. Ya kalli baƙon, ya kalli ledar da ke hammatarsa, bakinsa ya yi ta motsi kafin maganar ta fito.

"Har yanzu... kana aiki?"

"Na yau kaɗai," in ji Malam Ya'u. Ya durƙusa da ƙyar, ya ɗora masa kwalin a kan hannun mai lafiya.

Gidiyon ya yi dariya da rabin fuska, hawaye na bin ɗaya rabin. Bayan Malam Ya'u ya yi sallah a masallacin lungun, Tabita ta kawo masa gwaten acca, suka zauna lissafin mutane. Shi ke kiran suna, Tabita na faɗin inda mutumin ya ƙare, Gidiyon na gyaɗa kai. Wani ya koma noma a Ɓaɓura, wani yana tuƙa adaidaita a Na'ibawa, 'yan Nijar da yawa sun tafi gida. Waɗanda suka rasu sun fi yadda ya zata. Bai tashi ba sai bayan la'asar.

Tafiyar ta kwantar da shi kwanaki. Zuwaira na shafa masa man zafi a gwiwa tana mita, amma ta sa ya maimaita mata labarin tun daga Challawa.

Yana kwance mai babur ɗin ya dawo neman kwalin, domin Salama ta riga ta kai ƙorafi. 'Yan layin suka nuna masa gidan Malam Ya'u, nan ya ji an kai saƙon. Muntari sunansa, magidanci ne, shi ma daga wani kamfanin da ya rufe ya faɗo sana'ar. Ya ba da haƙuri, ya ce saƙonni ne tari a bayansa, kowa na kira yana jira, in ya koma da ɗaya ranar ta lalace. Malam Ya'u ya dubi akwatin, ya ji wayar mutumin na ta ƙara a aljihu, faɗan da ya tanada ya kasa fitowa. Ya ce masa in ya zo layin bai sami mutane ba, ya bar kayan a zaurensa. Muntari yana yin hakan in shi ya zo. Sauran masu baburan ba su san da tsohon ba, suna jingina kwalayensu da bango yadda suka saba.

Da kaka ta yi, Salama ta zo ta ɗauki iyayenta zuwa Pankshin. Malam Ya'u ya so ya raka su tasha, gwiwa ta hana. Bayan sun isa Tabita ta kira, ta kara wa Gidiyon wayar a kunne. Malam Ya'u ya daɗe yana saurare, yana cewa to, to, madalla. Da ya ajiye, Zuwaira ta tambaye shi me ya ce.

"Ban gane duka ba," ya ce. "Na dai ji ya ce can ana sanyi, kuma ya ga ƙannensa."