Mai Sakin Tattabara

A kasuwar Bukuru nake ganinsa, wani malamin makaranta ɗan Siri Lanka, siriri, cikin farar riga. Yana sayen tattabara, ya buɗe tafin hannunsa ya sake ta.

"Addininsu ne, na Buddha," in ji Jika mai kaji, wanda ke sayar masa da su. "Wai komai mai gushewa ne, riƙo ke jawo baƙin ciki. Tun rasuwar 'yarsa yake haka. Oga bai san gidana suke komawa ba!"

Ni kam na ce ya sani. Kullum wata fara mai ɗingishi yake zaɓa, ya bi ta da ido. Addininsa ya ce ya saki, yana kuwa saki. Sai dai ya nemo abin da in ya sake shi yakan dawo.