Yaya, Ashe Ba Kafaɗa Ba Ce

Na Allah ne abin da ya ba mu, nasa ne kuma abin da ya karɓa. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Maris, Allah ya karɓi ran yayarmu, 'yar farin mahaifiyarmu, a gadon asibiti, bayan doguwar wahala da tsakuwar maɗaciya. Ni ce autar gidan, ni aka bar wa wannan rubutu, wai don bakina ba ya gajiya. Yau kam ya gaji, Yaya.

Ke tela ce, kuma rabin yaran layinmu da kayan makarantar da kika rage wa tsawo suka fara karatu. Idan maƙwabciya ta haihu, kafin a sallamo ta kin haɗa wa jariri riguna da ragowar yadi. Faɗa kuwa kin iya shi, kina yi wa mutum kina cusa masa abinci a hannu. Ni da kika goya, har na tara 'ya'ya ba ki daina gyara mini wuyan riga a gaban jama'a ba.

Da ɓarin jikin Mama ya shanye, ganinta ya tafi, tunaninta ya fara rikicewa, sai kika rufe shago, kika shigo da keken ɗinki ɗakinta, kika ajiye shi tsakanin gado da taga. Daga nan duniyarki ta tsuke ta koma gado, keke da banɗaki. Mama ba ta yarda kowa ya taɓa ta sai ke. Sai ki durƙusa, ki ɗora hannunta mai lafiya a wuyanki, ki ce, "Mama, rungume ni," ki miƙe da ita a kafaɗarki ta dama. Idan ɗayanmu ya gwada, sai ta ƙanƙame ƙarfen gado tana ihu za a yar da ita.

Shi ya sa da ciwo ya fara kama ki a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, yana haurawa har kafaɗa, ba wanda ya yi dogon tunani. Ai ɓangaren da kike ɗaukar Mama ke nan. Muka yi ta sayen man zafi, ana murza kafaɗar da ba ta yi laifin komai ba. Da amai ya shigo bayan kin ci abu mai maiƙo, aka ce olsa ce. Sai da aka ɗauki hoton cikinki gaskiya ta fito.

Ina wurin likita ya yi bayani. Ya ce maɗaciya 'yar jaka ce a ƙarƙashin hanta, tana tara ruwan ɗacin da ke narkar da maiƙo. Idan ruwan ya yi kauri sai ya dunƙule ya zama tsakuwa, kuma abin ya fi samun mata da suka fara manyanta. Ya ce maganin shi ne a cire jakar gaba ɗaya, mutum na rayuwa lafiya lau ba ita. Sharaɗi ɗaya ne, bayan aikin ba ɗaukar nauyi na wasu makonni.

Kika yi dariya kika ce, "Likita, nauyin nan uwata ce fa."

Ba ƙin aikin kika yi ba, Allah shaida. Mun kawo nas ta gwada kula da Mama a madadinki, Mama ta rufe baki ta ƙi abinci har sai da ta ji muryarki. Aka sa ranar aiki kika ɗaga, aka sake sa wa kika sake ɗagawa. Kin bar soye-soye, kin bar mai, kika rame har zobenki yana zamewa. Idan ciwon ya taso, sai ki kifa goshi a kan keke, ki jira ya lafa. Ba ki da mafita, mu ma da muke kallo ba mu da ita, kuma wannan kallon ya fi komai ci mini rai.

Ranar da idonki ya koma rawaya, zazzaɓi ya rufe ki, likitoci suka ce tsakuwa ta sauko ta toshe hanyar ruwan ɗacin, cuta ta shiga jini. Sun yi iya ƙoƙarinsu. Wa'adi ya riga ya cika.

Mun faɗa wa Mama ranar, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Washegari ta tambaya ko kin fita sayen zare ne. Ba mu da ƙarfin zuciyar sake kashe ki a kunnenta kowace safiya, don haka muka ce kina asibiti.

Jiya na durƙusa kamar yadda kike yi, na ce, "Mama, rungume ni." Ta laluba wuyana, ta gane ba ke ba ce. Na jira ihu, amma sai ta riƙe ni, na miƙe da ita. A kunnena ta ce, "Gara da kuka bar ta ta je. Na daɗe ina jin tana riƙe numfashi idan ta ɗaga ni. Kada ku ce mata ina cigiyarta, ku bar mini 'yata ta huta."

Mun bar ki, Yaya. Allah ya sa hutun ya zama na gaske. Allah ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki, ya sa ciwon nan ya zama kaffara, ya ɗauke miki nauyin hisabi kamar yadda kika ɗauki mahaifiyarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki, wanda bai taɓa ƙorafin zamanki a ɗakin Mama ba, da 'ya'yanki, da 'yan'uwa da maƙwabta. Ita kuwa Mama, Allah ya sanyaya mata zuciya duk ranar da ta tuna. Amin.