Takardar da Na Sa wa Hannu a Sharaɗa

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Malam Habibu, mai kula da sito a masaƙarmu ta Sharaɗa. A zamaninsa an ce babu mahalukin da zai zaunar da ɓangarori biyu na ƙungiyar ma'aikata a tabarma ɗaya, domin kowane yana da jam'iyyarsa, kuma kowane ya jingina da ɗaya daga cikin baƙi biyu 'yan ƙasar waje masu masaƙar, waɗanda ba sa ga-maciji da juna. Shi kuwa ya zaunar da su, kuma da tarihi ya yi.

Tare muka yi makarantar midil, kuma ni ne jami'in kula da ma'aikata a lokacin. Kowace Asabar bayan Azahar yakan tara ma'aikata a ɗakin cin abinci, ya ba su labarin Amurka tana jaririyar ƙasa: yadda Faransa da Ingila suka shiga yaƙi, 'yan Amurka suka rabu gida biyu, kowa yana kiran ɗan'uwansa karen farautar baƙi. Shugabansu na farko ya gargaɗe su sa'ad da zai sauka, ba su ji ba. Daga baya masu mulki suka kafa dokar ɗaure mai sukar gwamnati, da ta korar baƙon da ake zargi.

Wata rana Isufu, wani masaƙi ɗan Maraɗi, ya tambaya ko Faransa da Ingilar sun ma san ana faɗa dominsu. Aka yi dariya. Malam ya ce, "Isufu, ko sun sani, ba su za su kwana da yunwa ba."

Da ɓangare guda ya ci zaɓen ƙungiya, sai aka kawo mini takarda: a rufe ajin Malam na Asabar, a kuma sallami 'yan Nijar bisa zargin kai tsegumi ga ɗaya baƙon. Malam Habibu ya same ni a ofis, ya ƙi zama.

"Alhaji, dokar nan da kuka ji labarinta ce," in ji shi, "hula kawai ta sako."

Na ce masa umarni ne daga sama. Na sa hannu. Isufu ya tafi da tabarmarsa a hammata, ban ƙara ganinsa ba. Malam bai taɓa goranta mini ba har ya koma ga Mahaliccinsa, kuma wannan ya fi mini ciwo. Masaƙar ta mutu daga baya, baƙin biyu suka koma ƙasashensu lafiya lau.

Yau nakan zauna a majalisa a Panshekara, in ji matasa suna musu, wannan yana bayan Faransa, wancan yana bayan Rasha, alhali 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka ake magana a kansu. Da yana raye, na san zai tuna musu cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, sannan ya tambaye su wa zai kwana da yunwa.

Bai bar gida ko littafi ba. Ya bar mutanen da har gobe suke tsayawa su yi tunani kafin su kira maƙwabci ɗan koren wani. Iyalinsa suna riƙe da ranar rasuwarsa, Allah Ya jiƙansa. Ni wadda nake so a rubuta, da sunana a gefenta, ita ce ranar da na san gaskiya amma na ɗauki biro na sa hannu: Larabar farko bayan Babbar Sallah.