Kwana ukun da Inna ta yi tana tsince Larabci daga bakinta

Inna, mahaifiyata, tana da nata ilimin kan asalin harsuna, kuma ba ta karɓar gyara. A wurinta, da farko duk duniya Hausa ake yi. Da mutane suka watsu, tafiya ta yi nisa, sai suka gaji, suka dinga zubar da kalmomi a hanya don rage kaya, suna tsintar tarkace suna cikewa. Haka aka samu Larabcin kasuwa, da yaren Habashawan da ke zuwa yankan riɗi, da sauransu. Larabcin Alƙur'ani kam ta ware shi gefe, wannan daga sama ya sauko. In na ce, "To Inna, ai mu ma tafiya muka yi," sai ta ce, "Ku dai. Ni da kayana cif na iso Gadarif."

Lokacin ina tuƙa tarakta a ɗaya daga manyan gonakin dawa da riɗi na wajen Fashaga. Na dawo bayan girbi da sabuwar rakoda, musajjal muke ce mata, sai na tarar da labari. Wani alhaji mai komawa yamma ya san garin su Inna, ya ce ƙanwarta na nan da rai. Inna ta baro ta tana ƙarama, shekarar da ta biyo Baba a ƙafa zuwa hajji, tafiyar da ta ƙare a gonar dawa. Tun daga nan ko wasiƙa babu.

Aka ce a yi wa ƙanwar kaset, alhajin ya kai mata. Inna ta yi wanka, ta shafa turare, kai ka ce rakodar tana da hanci. Na danna, ta yi sallama, ta ce, "Muna nan kwayyis, yara duk sun tafi shugul." Matata ta tuntsire da dariya daga madafa, jin Larabci ya cakuɗe da Hausar Inna. Na mayar da kaset baya, Inna ta saurari kanta.

"Za ta ce ba ni ba ce," ta faɗa a hankali. "Za ta ce wata Balarabiya aka ɗauko." Ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai ranar, kuma ya taɓa ni.

Sai ta kafa doka. Ta ba ni cokali da faranti, ta ce duk kalmar Larabci da ta fito mata, in buga, a koma baya. Allah ya yafe mini, na ji daɗin aikin nan! Matar da tun ina yaro take cewa bakina ya lalace, yau ga ni da cokali. Ta ce suk, na buga, ta ce kasuwa. Da ta zo kan arabiya, sai ta rasa Hausarta, don ba ta bar mota a garinsu ba. Aikina kuwa cewa ta yi, "Yana hawa wani ƙarfe mai ihu, ƙarfen ne ke noma, shi yana zaune." Kwana uku muna abu ɗaya, tana tsintar kalma kamar mai tsince tsakuwa a riɗi.

Rana ta uku ta yi magana mai tsawo tsaf, babu kuskure. Ni kuma tsokana ta motsa, na buga farantin haka kawai. Ai kuwa ta hau ni: "Ya walad! Kai wane irin zol ne? Halas, ka ishe ni, Allah ya shirye ka!" Ana cikin haka alhajin ya yi sallama, motarsu za ta tashi. Na zare kaset na miƙa masa, ban goge komai ba, ban kuma gaya mata ba.

Amsa ba ta zo ba sai bayan wata daminar. Kaset ne, muryar ƙanwar Inna, ta tsufa, tana ba da labarin jikokinta a firamare, da wani da ya zama kansila, da fanka da aka sa mata a ɗaki. Inna ta dube ni. "Me take cewa? Ita da ba ta bar gari ba, ina ta je ta zubar da nata kayan?" Na buɗe baki zan yi magana, ta ɗaga mini hannu, don ƙanwar ta juyo da magana kanta.

"Yaya, da farko na yi shakka. Kina magana ɗaya-ɗaya kamar mai ba da shaida gaban alƙali, na ce anya? Sai can ƙarshe kika hau ɗanki da faɗa. Rabinsa ban gane ba, amma na fashe da kuka. Haka Iya take mana in mun bar awaki sun shiga rumbu, ko numfashin iri ɗaya. Ke ce, Yaya."

Inna ta harare ni, ta gane abin da na yi, sannan ta share ido da gefen mayafi. Ni ma sai da na juya baya.

"Ɗauko musajjal ɗin," ta ce. "Cokalin kuma ka mayar madafa."